Wa Ya Sa Hannu, Wa Ya Ba Da Umarni?

Ɗan ƙanwata yana da shekara 19 lokacin da injin casar shinkafa ya cinye masa yatsu uku na hannun dama. Wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar aiki da hantsi, sai maigidansa ya ce masa tunda an samu sarari, ya ɗaure bel ɗin nan da ya kwana biyu yana santsi. Yaro ya cire murfi ya zura hannu. Babu wanda ya tuna cewa makunnin injin yana nan a kunne yadda wutar ta tafi ta bar shi. Da aka dawo da wuta, inji ya ci gaba da aikinsa daga inda ya tsaya.

Mai injin, wanda zan kira Alhaji kawai, ba mugun mutum ba ne. Shi ya ɗauki yaron a motarsa zuwa asibiti, shi ya biya kuɗin aiki da na magani, kuma kullum sai ya leƙo dubiya. A kwana na tara ne ya zo da wata takarda bugun kwamfuta, wadda ke cewa ya biya abin da ya biya ne don tausayi, laifin na yaron ne, kuma iyayensa ba za su nemi komai ba nan gaba. Da yake ni ne ɗan bokon gidan, ni aka miƙa wa. Na karanta na ce, "Alhaji, kafin a sa hannu, ko za mu ga littafin gyaran injin? Yaushe bel ɗin ya fara santsi, wa ya gani, wa aka gaya wa?" Ya yi murmushi irin na wanda ƙaramin yaro ya yi wa tambaya, ya ce, "Malam, wane irin littafi kuma? Wannan ai tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa."

Injin nan ya shekara bakwai yana aiki a wurin. An kwance shi an ɗaura ba adadi, kanikawa daban-daban sun taɓa shi. Amma takardar da ke hannuna ran nan ita ce ta farko da aka taɓa rubutawa a kansa, kuma ba don ta kare hannun kowa aka rubuta ta ba, sai don ta kare aljihun mai shi. Tun daga ranar nake lura da irin rubutun da muke yi a wuraren gyara. A bangon gareji za ka ga an rubuta cewa duk wanda ya bar motarsa ta wuce wata uku, ba ruwan mai gareji. A bayan rasit ɗin mai gyaran waya da na mai gyaran firji za ka ga makamancin haka. Mun iya rubutun sauke nauyi sarai. Rubutun da ba mu yi shi ne wanda zai gaya wa mutumin da zai zo bayanka abin da ka tarar, da abin da ka gyara, da abin da ka bari bai gyaru ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ce ta ƙananan wurare irin na Alhaji. Mu 'yan Arewa mun biya kuɗin wannan darasi da tsada, a wuri mafi girma, kuma manyanmu ba su manta ba.

Ranar Alhamis 11 ga Yuli, 1991, a ƙarshen watan Zulhajji, wani jirgin sama samfurin DC-8 ya tashi daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda zai nufi Sakkwato da alhazan da suka sauke farali. Jirgin na wani kamfanin ƙasar Kanada ne mai suna Nationair, an ɗauko shi haya yana jigila da sunan kamfanin jiragen saman Nijeriya. Fasinja 247 ne a ciki da ma'aikata 14. Mintuna kaɗan bayan tashinsa ya juyo yana ci da wuta, ya faɗi saura ƙasa da kilomita uku ya kai titin sauka. Babu wanda ya tsira cikin mutum 261. Allah Ya jiƙan alhazanmu, Ya sa aikin da suka je yi karɓaɓɓe ne.

Mutane da yawa sun san an yi hatsarin, amma kaɗan ne suka san musabbabinsa, alhali rahoton binciken da hukumomin Saudiyya suka gudanar ya fayyace shi. Ba inji ne ya mutu ba, ba kuma guguwa ba ce. Iskar taya ce. Biyu daga cikin tayoyin jirgin ba su da isasshiyar iska. A jirgi mai nauyi irin wannan, idan taya ɗaya ta yi laushi, abokiyar zamanta ce ke ɗaukar kayan da ta kasa ɗauka. Jirgin ya yi doguwar tafiya a ƙasa cikin zafin Jidda kafin ya isa bakin titin tashi, tayar da aka ɗora wa nauyi ta yi zafi. Yana cikin gudun tashi ta fashe, mai laushin ma ta bi ta, ƙarfe ya shiga gurzar kwalta, wuta ta kama. Matuƙan sun ji ƙara da girgiza, amma suka ci gaba da tashi, sannan suka naɗe ƙafafun jirgin kamar yadda aka saba. Wato sun cusa wuta a cikin cikinsa, kusa da wayoyin lantarki da bututun da ake sarrafa jirgin da su da tankin mai, a wurin da babu na'urar da za ta sanar da su gobara. Wutar ta ci har ta huda daɓen da fasinjoji ke zaune a kai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: an san da matsalar tun ranar 7 ga wata, kwana huɗu kafin hatsarin. A birnin Akara na ƙasar Gana aka auna tayoyin aka ga iskarsu ta gaza. Masu bincike sun gano cewa an sauya alkaluman da aka rubuta a takardar dubawa, suka koma kamar komai lafiya. Kanikawa sun yi niyyar canza tayoyi a can, sai saƙo ya zo daga manajan da ke kula da kwangilar jigilar cewa kada a tsaya canjin taya, jirgi ya makara, alhazai na jira. Da safiyar ranar hatsarin ma, shugaban kanikawan ya nemi a ƙara iska. Tayar jirgi ba iskar faci ake ba ta ba, naitirojin ake sa mata, kuma ba a same ta nan kusa ba a lokacin. Nemanta zai jawo jinkiri, manajan bai yarda da jinkiri ba. Masu bincike ba su sami shaidar cewa an sanar da matuƙan halin da tayoyin suke ciki ba. Shi manajan da shugaban kanikawan duka suna cikin jirgin, tare da alhazan suka mutu. Wannan ya nuna babu wanda ya yi nufin sharri a cikinsu. Sun dai ɗauka abu ne da za a iya lallaɓawa. Kamfanin kansa ya durƙushe a 1993.

A dubi yadda nauyi ya rarrabu a wannan labari. Mutumin da ya san haɗarin ba shi da ikon tsayar da jirgi. Mutumin da ke da ikon tura jirgi bai san haɗarin ba, domin ba fanninsa ba ne. Mutumin da zai tuƙa jirgin, wanda ke da ikon cewa ba zan tashi ba, takarda ce idonsa, ita kuma takardar an rufe mata baki. Da alkaluman gaskiya suna rubuce a inda ya kamata, da duk wanda zai saki jirgin sai ya tsallake su da saninsa, ya kuma sa hannunsa a ƙasa. Ba kowa ke da wannan ƙarfin hali ba. Umarnin baka ba ya barin sawu, shi ya sa yake da sauƙin bayarwa.

Wani lokacin kuma takardar gaskiya ce, amma ba ta isa hannun mai buƙatarta ba. Shekara uku kafin hatsarin Jidda, a daren 6 ga Yuli, 1988, wani dandamalin haƙar mai a Tekun Arewa, gabar Sikotilan, mai suna Piper Alpha, ya kama da wuta, mutum 167 suka mutu. Masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo don a duba shi, suka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe na wucin gadi, ba su gama aikin ba lokacin tashi ya yi. Sun rubuta hakan a takardar izinin aiki, amma aka ajiye ta ba tare da an gaya wa masu karɓar aiki baki da baki ba, kuma ba a wuri ɗaya take da takardar famfon ba. Da dare famfo na biyu ya tsaya, masu aikin dare suka tayar da na farkon ba su san bawul ɗinsa ba ya nan ba. Gas ya tsiyayo, ya fashe. Alƙalin da ya jagoranci binciken, Lord Cullen, ya fitar da rahoto a 1990 da shawarwari 106, kuma tsarin takardun izinin aiki da yadda ake miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu kamawa suna cikin abubuwan da ya fi suka.

Saboda sanin cewa takarda na iya ɓata, mutum kuma na iya mantuwa, masana'antu suka ƙara da kwaɗo. A Amurka tun 1989 doka ta wajabta shi. Kafin ma'aikaci ya sa hannu cikin inji, sai ya kashe wutar daga tushe, ya sa wa makunnin kwaɗonsa na kansa, ya rataya kati mai sunansa, ya jefa makullin a aljihu, sannan ya gwada kunna injin don ya tabbatar ba zai tashi ba. Idan mutum uku ke aikin, kwaɗo uku za a gani, kuma inji ba zai tashi ba sai na ƙarshensu ya fito ya cire nasa. Ni a ganina babu ƙasar da ta fi mu buƙatar wannan al'ada. A can wuta ba ta cika ɗaukewa ba, saboda haka inji a tsaye yawanci wani ne ya tsayar da shi. A nan kuwa sau nawa a yini inji ke yin shiru alhali a kunne yake? Ga janareto, ga na'urar sauya layi, ga sola da ta shigo yanzu, wuta na iya zuwa ta ƙofa uku. Kwaɗon da zai hana abin da ya sami ɗan ƙanwata, kuɗin tiyar shinkafa ɗaya zai saye shi.

Na san za a ce waɗannan tsare-tsaren Turawa ne. To, maganar alhakin mai gyara dai ta riga su zuwa zaurukanmu. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya wuce ta babin da aka yi bayanin lamunin masu sana'a. Asali a fiƙihu, wanda aka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci. Amma Malikawa suka ware masu sana'ar da suka kafa kansu don jama'a, irin su maɗinki da marini da maƙeri, suka ce su masu lamuni ne ga kayan da aka bar musu suka keɓanta da shi, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Dalilinsu maslahar jama'a ce: mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu, kuma ba sa ganin abin da ke faruwa bayan sun juya baya. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Sai dai malaman sun bar wa mai sana'a ƙofar fita, wato hujja. Idan shaida ta tabbatar cewa kayan ya salwanta ba da sakacinsa ba, ya kuɓuta. A zamanin da inji ɗaya ke da sassa ɗari, kanikawa biyar kuma sun taɓa shi cikin shekara, wace hujja ce ta fi rubutun da aka yi a ranar aikin, da sa hannun mai kaya a ƙasa? Bakaniken da ke gudun rubutu yana zaton tarko ne, bai san garkuwarsa yake jefarwa ba. Kuma al'ummar da aya mafi tsawo a Littafinta take magana a kan rubuta bashi, bai kamata a ce rubuta amana baƙon abu ne gare ta ba.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, a riƙa duba irin su tukunyar tururi da na'urorin ɗaga kaya lokaci-lokaci, a ajiye rahoton dubawar, a kuma kai rahoton hatsari. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, ta sanya ɗan koyo da ɗan aikin wucin gadi cikin ma'aikata, ta kuma ce yarjejeniyar da ma'aikaci zai yafe haƙƙinsa na diyya ba ta da ƙarfi. Da na gaya wa Alhaji wannan na ƙarshe, ya yi mamaki na gaskiya. Bai taɓa jin dokar ba, kuma a shekara bakwai babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi komai game da injinsa, in ban da masu karɓar haraji.

Uzurin da na fi ji shi ne kanikawanmu ba su yi karatu ba. Ban yarda da shi ba. Telan unguwarmu yana da littafin awo da ya cika ya batse, ya san faɗin kafaɗar mutumin da rabonsa da shagon shekara biyu. Mai shago yana da littafin bashi, ko sukarin naira hamsin ka ɗauka sai ya shiga. Uwar adashi ba ta mantuwa da zubi ɗaya. Wanda bai iya boko ba ya iya ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba yana da waya mai ɗaukar hoto da murya. Abin da muke tsoron ya ɓace muna rubuta shi. Ba a sa lafiyar yaron shago cikin wannan lissafin ba ne kawai.

Ba kuma takardu masu yawa nake kira a kawo ba. Na yi aiki a wurin da ake da fom na duba janareto kowace safiya, kuma na sha ganin ana cike na wata guda a zama ɗaya, da biro ɗaya, ranar da aka ji masu bincike na tafe. Irin wannan ya fi rashin rubutu muni, domin mai karantawa zai saki jiki, kamar yadda aka saki jiki da takardar Akara. Abin da ake buƙata kaɗan ne, littafi ɗaya da ke zaune kusa da injin, ba a ofishin manaja ba. A rubuta kwanan wata, da abin da aka tarar, da abin da aka yi, da kayan da aka sa, sabo ne ko na hannu. Sai layi mafi muhimmanci, wanda kowa ke tsallakewa: abin da aka gani ba a gyara ba, da sunan wanda ya ce a bari.

A kan wannan layin ne laifin namu, mu masu kai gyara, yake fitowa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau nawa bakanike ya ce maka birkin nan ya cinye, ko tayar nan ta gama, ka ce masa, "Lallaɓa mini ita in je in dawo"? Ni na faɗa, ba sau ɗaya ba, kuma da iyalina a motar. Direban haya yana faɗa don mai mota na jiran balas da yamma. Shugaban ma'aikata yana faɗa don kuɗin gyara bai fito ba. Idan abu ya faru, bakanike ake kamawa, tunda shi aka gani da sifana a hannu, wanda ya ce a lallaɓa kuwa yana cikin masu jajantawa. Ba kowace lallaɓawa ce laifi ba. Ko a harkar jiragen sama akwai jerin ƙananan matsalolin da aka yarda a tashi da su zuwa wani wa'adi, amma a rubuce suke, da ranar da wa'adin zai cika, da sa hannun wanda ya ɗauki nauyi, kuma akwai abubuwan da ba sa shiga jerin ko kusa. Ƙungiyoyin kanikawa da shugabannin tashoshin mota, waɗanda suka iya tara kuɗin ƙungiya ba fashi, za su iya tsayar da wannan a tsakaninsu ba sai gwamnati ta zo ba: duk wanda ya ƙi gyaran birki ko sitiyari ko taya bayan an nuna masa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa kafin a ba shi makulli. Bakanike ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba, don abokin ciniki zai koma rumfar gaba. Sai in rumfar gaban ma littafin zai tarar.

Game da takardar Alhaji, ban sa hannu ba, na kuma ba da shawarar kada a sa. Bayan mako biyu mahaifin yaron ya je ya sa a bayan idona. Ban ga laifinsa sosai ba. Unguwa ɗaya suke, masallaci ɗaya, kuma yaron yana son komawa bakin aikinsa, don ba ko'ina za a ɗauki mai yatsu biyu a hannun dama ba. Abin da na iya samu shi ne Alhaji ya amince, cikin raha, in kawo kwaɗo da littafi. Na sayo su, aka buga ƙusa kusa da makunni aka rataye.

Watan jiya na bi ta wurin. Kwaɗon yana nan, kuma yaran sun ce suna sa shi, musamman in ɗan ƙanwata yana kusa. Na buɗe littafin, garin dusa ya rufe bangonsa. Rubutu huɗu ne a ciki cikin wata takwas, dukansu da karkataccen rubutun wanda ke koyon riƙe biro da hagu. Na ƙarshen yana cewa sabon bel ɗin ma ya fara santsi, murfinsa kuma ya karye an cire, an gaya wa Alhaji ya ce a bari sai bayan kaka. A gefe yaron ya ja layi inda Alhaji zai sa hannu. Kwana 23 ke nan da rubutun, layin yana nan babu komai a kansa, injin kuma yana ta aiki.